Ranar da Na Shirya Kwamfuta Kamar Saniyar Kara

Bari in faɗa da bakina tun kafin wani ya faɗa a bayan idona: na tafka wauta, kuma ba irin ta mai ƙaramin tunani ba, irin ta wanda wayo ya yi wa yawa. Ita ce mafi muni, don mai ita ba ya tambaya. Shekara talatin da ɗoriya ina dillancin shanu a karar Wudil, ba a taɓa sayar mini da gurguwa da sunan lafiyayya ba. Ni dai na sayar wa wasu, Allah ya yafe mana. Sai ga wani abu da bai fi faifai faɗi ba ya zo ya kwance mini zani a kasuwa, ni da ko zanin ba na ɗaurawa.

Karatuna aji uku ne na firamare, shi ma na ukun rabinsa a bakin kogi na yi shi. Matata tana ce mini Malam ne don haka ta ji matan unguwa suna kiran mazansu, ba don ta taɓa kama ni da littafi ba. Sai Allah ya ba ni 'ya mai kai. Sunan mahaifiyata ta ci, saboda haka ban taɓa kiran sunanta ba, Uwata nake ce mata. Zanen gine-gine take karanta a jami'a, daga gida take tafiya ta dawo.

Da ta shiga aji uku, kawunta, ƙanin mahaifiyarta, ya saya mata kwamfuta irin ta ɗorawa a cinya, sabuwa dal a kwali, da takardar garanti ta shekara ɗaya. In ta buɗe ta a tsakar gida sai ka ga bene tsaye a ciki, tana juya shi da ɗan yatsa, ta ɗage rufin ka leƙa ɗakuna. Na taɓa ce mata tunda abin haka ne ta zana mini inda zan ɗaure akuya. Ta zana kuwa, har da kaskon ruwa.

A shekararta ta ƙarshe aka ba ta aikin kammala karatu, zanen ƙaramin asibitin ƙauye. Sau uku tana zuwa ƙauyen Darki auna fili. Wanda bai miƙa wannan aiki a ranar da aka sa ba, ba zai fita tare da 'yan ajinsa ba, sai ya jira na bayansa. Saura kamar sati shida a miƙa, kwamfutar ta fara ciwo. Da farko wasu layuka ne kore da ja suka riƙa gilmawa a fuskarta kamar saƙar tabarma. Daga nan hoton ya rabe biyu. Wata safiya aka danna, fankar ciki tana juyawa kana ji, amma fuskar baƙi ƙirin. Aka ɗauko takardar garanti, ashe ta ƙare wata biyar da suka wuce.

Na ce, "Sai haƙuri, Uwata. An riga an miƙa igiya."

Haka muke cewa a kara. In an sallama, igiyar saniya ta bar hannun mai ita ta shiga na mai saye, to magana ta ƙare. Ko a bakin ƙofa ta faɗi, taka ce.

Bayan kwana biyu ta dawo daga makaranta da fara'a. Ta ce ta bincika, ciwon ba nata ba ne ita kaɗai. Wai akwai wani ɗan abu a cikin kwamfutar, bai fi farcen babban yatsa ba, cif suke ce masa, shi ne ke zana duk hoton da ake gani a fuska. A irin waɗanda aka ƙera tare da tata, ba a liƙa shi da kyau ba, in zafi ya yi ta dukansa sai ya saki. Kamfanin da kansa ya amsa laifi, ya ce duk mai irinta ya kai wa wakilinsu a Kano ko garantinsa ya ƙare, za a canza masa fanel ɗin ciki, wato farantin da cif ɗin ke kai, gaba ɗaya kyauta. Amma ƙarshen watan nan za a rufe karɓa.

Na yi dariya har goro ya sarƙe ni.

"Mutum ya sayar da kaya, an rabu lafiya, shekara ta zagayo, sannan ya dawo da ƙafarsa yana cewa kayana akwai aibi? A wane gari ake haka?"

"Wallahi Baba ana yi."

"To Allah ya kawo mu zamani."

Satin tana da jarrabawa kullum, ga wa'adi yana matsowa, sai aka ce ni zan kai ranar Talata, tunda ba ranar kasuwa ba ce. Ta cika wata takarda da Turanci ta sa a jakar. Ta ce sati biyu suke riƙewa, ita kuma kafin nan za ta yi ɓangaren rubutu da zanen hannu, in ta dawo ta ƙarasa sauran a kan lokaci. Mahaifiyarta ta naɗe kwamfutar da zani kamar jaririya.

A zaure ta sake tsayar da ni. "Baba, miƙa musu kawai za ka yi. Kada ka bari kowa ya buɗe ta a hanya. Don Allah, Baba."

Na ce, "Haba Uwata. Ni da nake raka tirelar shanu har Kudu, faifai ɗaya ne zai gagare ni?"

Tsakanin gidanmu da tasha ba nisa, amma ya ishi Shaiɗan ya gama huɗubarsa. A kara akwai abin da kowane dillali ya sani ko bai faɗa ba: ba a kai kaya gaban mutum da aibinsa a fili. Saniya in ta rame a hanya, tun ranar Alhamis ake ba ta kanwa ta sha ruwa cikinta ya ɗago. A wanke ta, a shafa wa ƙahon mai. In tana ɗingishi, a tsayar da ita a tsakiyar 'yan'uwanta inda ba za a ce ta taka a gani ba. Ba warkar da ita ake yi ba. So ake ta tsaya da ƙafarta har a ce an sallama. Malamai sun yi wa'azi a kan wannan har muryarsu ta dushe, mu kuma muna sahun gaba muna gyaɗa kai.

Sai na ce a raina, mutanen nan sun yi shela ne don a ce suna da kirki, amma in ka je, dalilin korarka za su nema. In na ajiye musu abu baƙi ƙirin ba motsi, cewa za su yi mu muka kashe ta, ko ruwa ya shiga, ko faɗuwa ta yi. Wa ke karɓar mushe? Amma in ta je da ranta tana sheƙi, suka ga 'yar gidan mutunci ce an kula da ita, sai in ce tana ɗan taɓa ciwo lokaci-lokaci, a lallaɓa a canza abin a rabu da daɗi. Har tausayin Uwata na ji. Na ce boko ya koya mata zana bene, bai koya mata mutane ba.

A gefen tasha akwai shagon wani mai gyara, mutumin garin Kausani, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Da rediyo ya fara tun muna samari, zamani ya tura shi kan waya da kwamfuta. Ya hango ni ya ce, "A'a, sarkin dillalai! Yau wa za a cuta?"

"Kai dai da kake kashe lafiyayyun rediyon mutane, bakinka ya mutu. Duba mini wannan."

Muka gaisa, na tambayi iyali, ya tambayi kasuwa. Ya kwance zanin, ya danna, ya kara kunnensa, ya haska fuskar da tocila.

"Na san ciwon. Cif ɗin hoto ne ya saki. Ina iya hura masa wuta ya koma ya zauna, amma in gaya maka gaskiya ba gyara ba ne. Sati biyu, wata ɗaya, za ta sake kwanciya. Kuma in ta sake, ba lallai ta ƙara tashi ba."

Na ce, "Ni zuwa la'asar kawai nake so ta tsaya da ƙafarta."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Sayarwa za ka yi ke nan?"

"Kai dai yi aikinka."

Ban gaya masa inda zan kai ta ba. Da na gaya masa, na tabbata da ya kore ni daga shagon da tsintsiya, don ya fi ni tsoron Allah. Ya kifa ta, ya fara kwance ƙananan kusoshin, sai ya tsaya a kan wata 'yar takarda da aka manna bisa ɗaya daga cikinsu.

"Wannan fa in na yaga ta, masu ita za su san an shiga."

"Yanzu 'yar takardar da ba ta kai tambarin wasiƙa ba ce za ta hana manya biyu aiki? Yaga."

Ya yaga. Ya fito da wani faranti kore mai gidaje-gidaje kamar garin da aka hango daga sama, ya nuna mini cif ɗin, ya ɗiga masa wani ruwa mai danƙo, ya kunna injin hura zafi ya riƙa zagaya shi a hankali. Ƙauri ya cika shagon. Muka jira ya huce, ya mayar da komai ya ɗaure. Ya danna. Fuska ta kawo tar, ga hoton asibitin Uwata tsaye har da bishiyoyin da ta dasa masa. Na sa ya goge mini ita da auduga ciki da baya har ina ganin hulata a murfin. Wato na shafa wa ƙaho mai. Na shiga motar Kano ina jin duk cikin fasinjan nan ba wanda ya kai ni sanin duniya.

Ofishin a hawa na biyu yake, da sanyin na'ura har cikin ƙashi. Aka ba ni lamba na zauna. Gabana wata Hajiya ce riƙe da irin tamu sak. Aka danna tata, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. A raina na ce wayyo baiwar Allah, ba ki da mai ba ki shawara. Na ga an jona mata wani abu, an ɗan jira, an rubuta takarda an ba ta, ta koma gefe tana amsa waya. Na ɗauka takardar sallama ce.

Mai dubawar dattijo ne mai 'yar furfura a gemu, mai sanyin magana. Muka gaisa sosai. Ya karanta takardar Uwata, ya duba lambar da ke ƙarƙashin kwamfutar, ya ce tabbas tana cikin waɗanda abin ya shafa. Na gyara zama. Ya danna, ta kawo tar.

Na ce, "Ka ga dai yadda muka riƙe ta. Ko ƙuda ba ya sauka a kanta."

Ya ce, "Alhaji, a nan an rubuta ba ta kawo hoto sam."

"Tana yi tana bari. Ka san halin ciwo."

"To bari mu tambaye ta."

Ya jona mata abin da ya jona wa ta Hajiya. Ya ce ƙa'idar kamfani ce, sai gwajin nan ya nuna ciwon da kansa kafin a karɓa. Launuka suka riƙa juyawa a fuskar. Can wata alama koriya ta fito.

"Ta ci jarrabawa, Alhaji. A wajen injin nan lafiyarta ƙalau."

A rayuwata ban taɓa kushe kayan da ke hannuna ba sai ranar. Na ce, "Wallahi yallaɓai mushe ce. Kwana shida tana kwance ko motsi. Kada hasken nan ya ruɗe ka, ƙarfin hali ne kawai."

"To me ya tashe ta yau?"

"Ikon Allah."

"Ikon Allah gaskiya ne," in ji shi, ya kifa ta.

Ya daɗe yana kallon wurin da 'yar takardar nan take a da. Ya ɗora yatsa a kai.

"An buɗe ta."

"Ko kusa."

"Alhaji."

"Daga hannun 'yata sai nawa."

Bai yi musu ba. Ya kwance ta a gabana, ya juyo mini da koren farantin. Kewaye da cif ɗin ga wani zobe ruwan ƙasa, kamar inda aka sauke tukunya a kan tabarma. Ya kai hancinsa, sannan ya miƙo mini.

"Wannan ƙaurin bai kwana ba."

Da ya ɗaga murya ya ci mutuncina, da na samu abin riƙewa, don faɗa sana'ata ce. Sai ya rage murya don kada na bayana su ji. Ya ce, "Ka girme ni, ba zan ce ka faɗi abin da ba haka ba. Amma da kun kawo ta yadda take, a mace, da yanzu kuna riƙe da takardar karɓa irin ta Hajiyar can. Mutuwarta ita ce shaidarku. Wanda ya hura mata wuta ya goge shaidar, kuma ya taɓa abin da aka ce kada a taɓa."

Na waiwaya na dubi Hajiyar da na tausaya wa. Tana ta dariya a waya.

Duk da haka hali bai bar ni ba. Na matso na ce, "A duba dai, yallaɓai. Ni da kai ne. Wa zai sani?"

Ya ce duk fanel ɗin da suka cire sai an mayar wa kamfani an duba, in aka ga wannan zoben, aikinsa ne a bakin ƙofa. Ya ce dole ya rubuta abin da ya gani a ƙarƙashin lambarta. Ya rubuta, injin ya tofo takarda, ya miƙo mini da hannu biyu. Da na miƙe ya ƙara da cewa, "Abu ɗaya, Alhaji. Yau ɗin nan ku gaya wa mai ita ta nemi wata. Wannan ba za ta kai ta inda za ta ba."

Na ce to. Ban iya karanta Turanci ba, amma takardar nan na san abin da ta ce. Tun daga Kano nake shirya yadda zan fara magana. Na shirya ta kala uku. Da muka hau gadar Wudil, sai na ga hannuna ya fita ta taga ya saki takardar. Na bi ta da ido har ta sauka a ruwa. Da na sauka na sayi soyayyen kifi, don mai laifi ba ya shiga gida hannu biyu.

Na tarar Uwata ta dawo daga jarrabawa, tana tsakar gida tana taya mahaifiyarta gyaran shinkafa. Ta ga jakar da nauyinta, fuskarta ta canza.

"Baba, ka dawo da ita? Sun ƙi karɓa?"

Ga ƙofa a buɗe, ita da kanta ta buɗe mini. Eh kawai zan ce, sauran ya biyo. Sai na ji bakina ya ce, "Danna ki gani."

Ta danna. Ta dafe ƙirji. "Sun ce sati biyu fa!"

"Sati biyu na marasa baki ne. Kin manta wane ne ubanki?"

Ta durƙusa har ƙasa tana yi mini addu'a, Allah ya ƙara girma, Allah ya ja kwana, Allah ya ba ta ikon saka mini. Ni kuma na yi ta amsa amin. Mahaifiyarta ba ta ɗago daga faifan shinkafa ba ta ce, "Malam, kai ka sa mutanen kamfani suka yi aikin sati biyu a wuni ɗaya?"

Na ce, "Ke dai ci kifi."

Sati uku kwamfutar nan ta yi tana aiki, kuma a sati ukun nan ba wanda ya kai ni kula da lafiyarta. Da safe kafin in tambayi kowa kwanansa sai in ce, "Yaya mutuniyar?" Na samo bulo biyu na ce a riƙa ɗora ta a kai iska ta shiga ta ƙasa. Ran da rana ta yi zafi aka ɗauke wuta, na zauna gefen Uwata da mafici ina fifita kwamfutar, ita tana gumi. Ta yi ta dariya, ta ce Baba ya samu sabuwar jika. Na ce ta riƙa ba ta hutu, ko jaki ana sauke masa kaya.

Wata rana na lallaɓo ta gefe na ce, "Aikin nan naki, kin ajiye shi a wani wuri daban kuwa?"

Ta ce, "Na ajiye, Baba. Ai ajiya ba ita ce wahalar ba. Wadda za ta iya ɗaukar zanen ce wahala, ba kowace kwamfuta ke iyawa ba, in ka ɗora wa ƙarama sai ta sandare. Amma tunda an sa mini sabon fanel hankalina kwance yake."

Na ce madalla.

Abin da ya fi tsaya mini a wuya ya faru ne a sati na biyu. Kawunta ya bugo mata waya, ina zaune, muryarsa tana fitowa a fili ina ji. Ya ce ya ji labarin ciwon kwamfutar, ya yi magana da wani abokinsa mai irin wannan aiki, yana da babba guda da zai iya ara mata wata ɗaya, amma ta faɗa yau don jibi mutumin zai yi tafiya, in ba a karɓa ba da ita zai tafi. Uwata ta ce, "A'a Kawu, a bar masa, an gode. Baba ya riga ya gama magana da su, tana nan kamar sabuwa." Ta kalle ni tana murmushi. Ni kuma na ɓare goro na jefa a baki, na tauna shi har ya zama gari ban ce uffan ba. A kara, in mai saye yana yabon saniyar da ka san cikinta ruwa ne, ba ka katse shi. Jikina ya saba da wannan shirun har ya yi mini shi a cikin gidana.

Saura kwana goma a miƙa aiki, da hantsi, layukan kore da ja suka dawo. Kafin azahar fuska ta yi baƙi. Na sha jinin jikina. Ita kuwa ko a jikinta.

"Kada ka damu, Baba. Gyaran da kamfani ya yi da hannunsa yana da nasa garantin. Gobe ba ni da darasi, zan je da kaina. Ina takardar da suka ba ka?"

"Ta faɗa ruwa a gada."

Ita ce kaɗai gaskiyar da na faɗa a watan.

Ta ce ba komai, ai suna da lambarta a rubuce. Washegari ni na ɗaukar mata jakar har tasha. Muka wuce ta gaban shagon mutumin Kausani, ya ɗago hannu zai yi magana, na ɗaga kai ina duba ko hadari zai haɗu, a watan da ba a ruwa. Na sa direba ya ba ta gidan gaba. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Motar ta ɗauki lokaci kafin ta cika, ina tsaye a jikin taga, ina da damar da zan ce sauko mu koma gida in gaya miki wata magana. Na tsaya har ta tashi, har na ɗaga mata hannu.

Ranar ban iya zaman majalisa ba, ban iya zaman gida ba. Gab da magariba ta yi sallama. Ina zaure.

"Baba, sannu da gida."

"Yawwa Uwata. Yaya hanya?"

"Lafiya lau."

Na yi ta maza na ce, "Mutanen fa?"

"Suna gaishe ka."

Ta wuce ciki. Na ji tana jan kujera, ashe kwalin da kwamfutar ta zo a ciki take sauko da shi daga kan kwaba. Ta saka ta ta mayar sama. Bayan sallah ta kawo mini tuwo da ruwan wanke hannu, ta durƙusa ta ajiye kamar kullum. Na jira ta yi kuka, ko ta kai ƙarata wajen mahaifiyarta in ji ta bango, ko ta yi kwana biyu ba ta gaishe ni ba. Ba ta yi ko ɗaya ba.

Kwana taran da suka rage ta yi su a ƙafa. 'Yan ajinta kowa na fama da nasa aikin a kan tasa kwamfutar, sai wanda ya tashi cin abinci ya ba ta awa ɗaya. Ta gwada na shagunan buga takardu, suka sandare kamar yadda ta faɗa. Abokin kawunta ya riga ya yi nisa. Na koma wajen mutumin Kausani da kwalin a ɓoye cikin babbar riga, ya sake hura wuta, ba ta tashi ba. Da ya ji duk labarin bai zolaye ni ba, kuma tun muna samari ban taɓa shiga shagonsa na fita bai zolaye ni ba.

Ranar miƙa aiki ta zo, asibitin Uwata ba rufi. Ta rubuta wa shugabannin sashensu takarda tana bayanin dalili, tana roƙon a haɗa ta da na bayanta. Suka kira ta suka yi mata tambayoyi, suka amince. Ban tambayi abin da ta rubuta ba. Na dai san shekara guda ce ta tafi, kuma na san a wane shago ta ƙone.

Da 'yan ajinta suka tashi tafiya bautar ƙasa, ta yi wanka ta sa mayafi ta tafi tasha raka ƙawarta. Gidan ya rage daga ni sai mahaifiyarta, tana zaune a inuwa tana tsinke zogale. Na zauna a bakin tabarmar, na ɗauki reshe ɗaya ina taya ta, abin da ban taɓa yi ba. Can na ce, da muryar wasa don in ji inda aka kwana, "Yarinyar nan fa har yau ba ta ce mini komai ba."

Ta karɓe reshen daga hannuna, don ina haɗawa da itacen.

Ta ce, "Ni ma ba ta ce mini ba, sai da na matsa. Ka san abin da ta rubuta wa malamanta? Cewa ta yi ita ta kai aka buɗe, da hannunta. Ɗaya daga cikinsu har ya yi mata faɗa a gaban mutane, wai mai iliminta ba ta karanta ƙa'ida ba. Na ce don me kika yi haka? Ta ce gara a ce ɗaliba ce ba ta da hankali, da a ce ubanta ne."